Gargaɗi a kan Maganin Farin Haƙori

Ya ku malamai da almajirai, ku sani wankin haƙori da likitoci ke yi ba sassaƙa ba ne. Sassaƙa don wushirya, wannan hadisi ya hana. Su kuwa wani ruwa suke shafawa, haidurojin feroksaid, ya ratsa haƙori ya kashe rinin goro da taba. Abin tsoro ƙarfinsa: in ya yi yawa sai ya ƙona dasashi, haƙori ya riƙa zugi da ruwan sanyi. Saboda haka Tarayyar Turai tun 2012 ta hana wanda ya haura kashi 6 cikin 100, mai ƙarfi kuma sai ta hannun likita. Na kwalba marar rubutu da ake talla, kada almajiri ya kai shi baki, ya riƙe asuwakinsa.