Mu Da Tsofaffinmu

Saura watanni kaɗan mu 'yan ajin ƙarshe mu karɓi takardunmu, a rarraba mu makarantu, wani gabas wani yamma. In an zauna hira bayan sallar lisha, ba zancen da ake yi sai na albashi. Wannan ya ce babur zai saya, wancan ya ce aure, wani kuma ya ce shi dai duk ƙarshen wata zai riƙa aika wa Baba da Inna abin cefane. Madalla da wannan niyya, Allah ya cika ta. Amma muna roƙon 'yan'uwa da malamanmu su saurare mu kaɗan, don muna ganin maganar tana da gyara. Aiken kuɗi yanki ne na haƙƙin iyaye, shi ne kuwa yanki mafi sauƙi. Jikin tsoho yana sakewa kowace shekara, bukatarsa na sakewa tare da shi, wanda ke nesa yana aike kawai kuwa ba zai san ta sake ba.

A da mutum yakan tsufa cikin gandunsa. 'Ya'yansa maza suna noma tare da shi, rumbu ɗaya, tukunya ɗaya, kowa da 'yar gayaunarsa a gefe. In ƙarfi ya ja baya sai ya koma zaure yana tufkar igiya, babban ɗa ya riƙe gandu. Ba a bukatar a ba kowa labari cewa tsoho ya rame, don safe da maraice ana ganinsa. Tun da Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, makaranta da aikin albashi suke ta ɗebe samari daga gida, ga kuma cin rani, ga zaman birni. Dokar fansho ta 2004, wadda aka sake a 2014, musamman domin ma'aikata aka yi ta. An kuma sa hannu a dokar kafa Cibiyar Tsofaffi ta Ƙasa a 2018. Duk da haka, tsohon manomi da tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, fanshonsu 'ya'yansu ne, watau mu ke nan.

Ba ma bukatar dogon wa'azi a nan. Duk wanda ya wanke allo ya wuce ta kan Suratul Isra'i, aya ta 23 da ta 24, wanda ya zauna gaban malami a kan Risala kuma ya ji cewa ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa. Abin lura shi ne, ayoyin nan sun ambaci tsufa da sunansa, suka siffanta iyaye suna tsufa a gaban ɗansu, suka yi horo a kan harshe da tausayi. Waɗannan kuwa abubuwa ne da ba su aikuwa ta hannun direban mota ko ta wayar hannu. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, balle ta mahaifa.

To, mene ne amfanin iliminmu a nan? Babban amfaninsa shi ne mu iya rabe tsufa da cuta. Akwai wata kalma da ta cuci tsofaffi da yawa a ƙasar nan, ita ce "ai tsufa ne." Ido ya dushe, tsufa ne. Fitsari ya ƙi fita, tsufa ne. Da an faɗe ta shi ke nan, an rufe ƙofar magani. Wani daga cikinmu mahaifinsa ya shekara uku a zaure jika na jansa zuwa masallaci, 'ya'yansa na aike ba fashi, kowa ya sallama cewa makanta ce ta tsufa. Da hutun bara abokin namu ya lallashe shi suka je asibitin ido, ashe yana ce. Aka yi masa aikin da bai kai rabin sa'a ba, kashegari da aka kwance idon, sai ga tsoho yana duban jikokin da sai muryarsu ya sani. Kaico, shekara uku a duhu saboda rashin mai tambaya!

Wannan ba labarin gida ɗaya ba ne. Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin mutanen da suka kai shekara 40, wajen 4 cikin 100 makafi ne, kuma 84 cikin 100 na makantar nan ana iya kare ta ko a warkar da ita, yanar ido ce kuwa kan gaba. Asibitin ido na Kano yana aiki tun 1943, ga kuma babbar cibiyar ido a Kaduna. Sai dai a kiyayi masu yawo ƙauyuka suna tura yanar cikin ido da tsinke, don sau da yawa ɓarnarsu ta fi gyaransu. A kuma sani akwai hawan jinin ido, wanda ke cin gani a hankali, abin da ya ci kuwa ba ya dawowa, saboda haka awo da wuri shi ne dabara.

Haka hawan jini da ciwon sukari. Sukan daɗe a jiki ba wata alama, sai ran nan a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, a ce iska ce ta buge shi. Awon jini a ɗakin shan magani ɗan lokaci kaɗan ne. Amma maganinsu na kullum ne, tsoho kuwa da ya ji sauƙi sai ya ajiye ƙwaya, ko don ganin ya warke, ko don tausayin aljihun ɗansa. Lalle ne a sami mutum guda a gida wanda ya san sunan maganin, da lokacin shansa, da ranar komawa wurin likita, ya kuma sa ido a rage gishiri da dunƙule a miya.

Sa'an nan mazauni. Ɗakin da ya dace da mutum yana ɗan hamsin ba lalle ya dace da shi yana ɗan tamanin ba. Dokin ƙofa mai tsawo, da makewayi mai santsi, da tafiya masai cikin duhu, su ne ke kayar da tsofaffi, karayar ƙugu kuwa takan kwantar da tsoho kwanciyar da ba ya tashi. Gyaran nan ba tsada gare shi ba: a rage dokin ƙofa, a kafa sandar dafawa, a sa kujera inda tsuguno ya gagara, a ajiye fitila da buta kusa da shimfiɗa. In haƙora sun zube, a duba abin da ke shiga cikinsa, don wani tsohon yakan ce ya ƙoshi alhali tauna ce ta gagare shi, sai a koma ga kunu da fate da tuwo mai laushi. Wasunmu suna cewa gara su ɗauko iyaye zuwa inda suke aiki. Wani lokaci haka ne daidai, in asibiti ya yi nisa. Amma a tambaye su tukuna. Raba tsoho da masallacinsa da abokan hirarsa, a kulle shi a ɗakin haya tun safe har la'asar, shi ma ciwo ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yanzu ga maganar da ba mu cika son ji ba. In tsoho ya kwanta, wa ke jinyarsa? Mu maza mukan aika kuɗi mu sha yabo, amma mai wanki, da ɗauke kwano, da juya majinyaci duk bayan kamar sa'a biyu don kada gyambo ya fito masa, kusan kullum mace ce: ƙanwa, ko matar wa, ko tsohuwar da ita kanta ke bukatar jinya. Malamai sun ce hidimar surukai ba wajibi ba ce a kan matar mutum, kyautatawa ce, saboda haka wadda ta yi ta cancanci godiya da hutu da taimako. Akwai kuma hidimar da kunya ta sa ɗa namiji ne ya kamata ya yi wa mahaifinsa, kamar wanka da tsarki. Farar riga da alƙalami ba su ɗauke mana wannan ba.

Mafi nauyi duka shi ne gigin tsufa. Uwa ta manta sunan ɗanta, ta ce an sace mata kuɗi, ta fita da dare tana neman gidan ubanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan lalura sun haura miliyan 55, cuta ce ta ƙwaƙwalwa. Ba maita ba ce, ba kuma ganganci ba. Gardama da tsawa ba abin da suke ƙara mata sai firgita. A kai ta likita ya duba, a tsare ƙofa da wuta da rijiya, a kuma hana yaran unguwa tsokanarta. Wannan na ƙarshe aikinmu ne mu malamai tun daga cikin aji.

Mun san wani zai ce albashin malami nawa yake, hutu kuma kwana nawa ne? Gaskiya ne, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Don haka muke ba da shawara, a hutun nan mai zuwa, tun ba a tura mu ko'ina ba, kowa ya tara 'yan'uwansa maza da mata a gaban iyaye a yi magana a fili: wa zai zauna kusa, wa zai ɗauki kuɗin magani, wa zai riƙa kai su awo, wa zai karɓi mai jinya in ta gaji. Kowa ya ɗauka gwargwadon ƙarfinsa. In kuma mun je gida, kada mu tsaya ga gaisuwar bakin ƙofa. Mu zauna, mu ga yadda Baba ke tashi daga tabarma, mu ga abin da Inna ta rage a kwano.

Gobe za mu tsaya gaban yara muna koya musu ladabi ga iyaye, su kuwa yara sun fi kama abin da suka gani bisa abin da suka ji. Allah ya ba iyayenmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon sauke nauyinsu tun suna da rai. Amin.