KAFIN GARA TA RIGA MU

'Yan'uwa ɗalibai da ma'aikata, a shekarar 1853 wani Bature Bajamushe mai suna Heinrich Barth, wanda ya laƙaba wa kansa Abdulkarim, ya sauka a Gwandu a kan hanyarsa ta zuwa Tambutu. Sarkin Gwandu Halilu, ɗan Malam Abdullahi, bai yarda sun gana ba, baƙon kuwa ya yi ta ƙorafi a kan haka. Amma abin da ya samu a garin ya fi masa ganin sarki amfani. Wani malami da ake kira Buhari ya ara masa Tarikhus Sudan, watau tarihin Tambutu da daular Songhai, ya zauna kwana uku ko huɗu yana kwafar abin da ya sawwaƙa cikin gaggawa. Har ma ya ɓata sunan mawallafin, ya ce na Ahmad Baba ne, alhali kuwa na Abdurrahman Assa'adi ne. Duk da haka, 'yan tsakuren nan da aka buga a Jamus a 1855 suna cikin abubuwan da suka nuna wa masanan Turai cewa baƙar fatan Afirka ta Yamma sun rubuta tarihinsu da hannunsu. Daga Gwandu wannan haske ya fita.

To, mu nawa ne muka taɓa jin wannan labari a aji? Kuma mu nawa ne muka taɓa riƙe littafi guda na rubutun hannu daga cikin waɗanda ke jibge a zaurukan Gwandu?

Ba sai mun tsaya gabatar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ga mutanen ƙasarsa ba. Shi ya riƙe yammacin Daular Usmaniyya daga Gwandu har ya rasu a 1829, can kuma hubbarensa yake. Shi ya wallafa Liya'ut Ta'awili a tafsiri, da Liya'ul Hukkami wanda ya rubuta wa mutanen Kano a kan sha'anin mulki, da Bahrul Muhiɗi a nahawu, da Tazyinul Waraƙati inda ya tattara waƙoƙinsa da labarin jihadi, da Ida'un Nusukhi inda ya lissafta malaman da ya yi karatu a gabansu. Waɗannan manya ba su ne abin tsoronmu ba. An buga tafsirin a Alƙahira tun 1961, Mervyn Hiskett kuma ya fitar da Tazyinul Waraƙati tare da fassara a Ibadan a 1963. Abin da ke hana mu barci shi ne abin da ba a taɓa bugawa ba: wasiƙun sarakuna da alƙalai, da fatawoyi, da waƙoƙin Fulatanci da na Hausa cikin ajami, da littattafan magani da na hisabi, da ɗan bayanin nan da wani almajiri ya rubuta a gefen shafi sa'ad da malaminsa ke fassara masa baiti. Irin wannan sau da yawa kwafe ɗaya ne tak a duniya, yana cikin gafaka, gafakar tana cikin akwati, akwatin yana jingine da bangon ƙasa.

Duk wanda ya tashi a gidan malamai ya san maƙiyan takarda. Akwai gara, akwai ɗigon damina, akwai ɓera, akwai gobarar hunturu. Ambaliyar da ta auka wa Jihar Kebbi a 2020 ta ci gonaki da gidaje, kuma ruwan da ya rushe ɗaki ba ya tsallake akwatin littattafai. Amma akwai maƙiyi guda da ba a cika ambata ba, watau rabon gado. Littattafanmu na da ba ɗinkakku ba ne, warƙa-warƙa suke cikin tadarishi. Idan malami ya rasu, magada suka raba, sai ka ga farkon littafi ya tafi Jega, ƙarshensa ya tafi Kamba, wanda ya gaji tsakiyar kuwa direba ne, bai san ko mene ne ba. Ba mugunta ce ta kawo haka ba, zamani ne ya juya.

Na'urar zamani ta zo da hanyar da kakanninmu ba su samu ba. Da kyamara mai kyau, da matokari, da haske marar zafi, da kwamfuta guda, ana iya ɗaukar hoton ɗaruruwan shafuka a yini ba tare da littafin ya bar zauren mai shi ba. Abin da Barth ya kasa gamawa cikin kwana huɗu, yau ɗalibi biyu sa gama shi tsakanin hantsi da la'asar. Sa'an nan a sa hoton a intanet, mai bincike a Kalgo da na Alƙahira su duba shafi ɗaya a lokaci ɗaya, asalin kuwa ya huta da shafar hannu.

Wasu sun riga mu. A Tambutu, bayan da 'yan bindiga suka mamaye garin a 2012, Abdulƙadir Haidara da abokan aikinsa suka yi ta kwashe littattafai a ɓoye, cikin akwatunan ƙarfe, a mota da jirgin ruwa, zuwa Bamako. A Janairun 2013 kimanin littattafai 4,000 suka salwanta a Cibiyar Ahmad Baba. Bayan wannan ne aka duƙufa ɗaukar hoto, har a 2022 kamfanin Google ya baje shafuka fiye da 40,000 ga kowa da kowa. Babban laburaren Ingila yana da shirin ceto takardun da ke cikin haɗari tun 2004, wanda ya ɗauki nauyin ayyuka a ƙasashe da yawa, har da wasu takardun Arewa da ke Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa a Kaduna. Jami'ar Boston a Amurka ta tara hotunan rubutun ajami, da na Hausa a ciki. Mu lura da darasin Tambutu: sai da wuta ta kama kana duniya ta kawo kyamara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma fa kada ɗoki ya ɗebe mu. Idan malamin zaure ya ga ɗan boko da kyamara ya tsuke fuska, yana da hujja. Tun daga shekarun 1950 ake tattara littattafan Arewa. Kensdale ya jera na Jami'ar Ibadan, John Hunwick ya kafa cibiyar takardun Larabci a can a 1964, shirin binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello ya ɗauki hoton dubbai a siririn fim, Abdullahi Smith ya kafa Arewa House a Kaduna a 1970, Sakkwato kuma ta kafa hukumar tarihin da yanzu ke ɗauke da sunan Waziri Junaidu. Aiki ne na kirki, ba don shi ba da an yi hasara mai yawa. Sai dai a ko da yaushe tafiyar ɗaya ce: daga ƙauye zuwa birni, daga birni zuwa ƙetare. Littattafan Malam Umaru Falke na Kano, fiye da 3,000, suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Ana kula da su sosai, ba mu musa ba, amma ɗalibin Kano sai ya nemi biza kafin ya shafa su. Mai littafi a Gwandu yana da haƙƙin ya tambaya: in kun ɗauka, ina za ku kai, kuma ni me zan gani?

Amsarmu ita ce, asali ya zauna gidansa, hoto na farko kuma ya zauna a ƙasar Gwandu. Tun 2013 Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a Birnin Kebbi, mazauninta yana kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Daga nan zuwa hubbaren Malam Abdullahi tafiyar safiya ce, mutum ya je ya komo ya ci abincin rana a gida. Ba mu ga wurin da ya fi laburaren wannan jami'a cancantar zama ma'ajin hotunan littattafan masarautar ba, da yardar fadar Sarkin Gwandu, domin in ba da kalmar fada ba, ba kowane zaure ne zai buɗe ba. Kowane gida a ba shi nasa kwafen, a rubuta sunan gidan a jikin kowane hoto, a kuma bar wa masu shi ikon cewa wannan a baje, wancan a rufe. Akwai wasiƙun da suka shafi asirin iyali, akwai laƙanin da malami ba ya bayarwa sai ga wanda ya amince da hankalinsa. Ba kome ne na kasuwa ba.

Wani malami zai ce ilimi a bakin malamai ake ɗaukarsa, ba a allon waya ba. Gaskiya ne, Malam Abdullahi da kansa littafi guda ya rubuta don a san daga wa ya karɓa. Amma hoto bai hana zama gaban malami ba, sai dai ya tabbatar da cewa in an zo zaman za a sami abin karantawa.

Sa'an nan ɗaukar hoto shi ne ɓangare mafi sauƙi. Wayoyinmu cike suke da littattafan da ake turowa ta WhatsApp, ba sunan mawallafi, ba shafin farko, ba wanda ya san daga wane gida suka fito. Wannan ba adanawa ba ce, watsarwa ce. Hoto 10,000 marar jadawali tamkar rumbu ne marar ƙofa. Dole wani ya zauna ya rubuta sunan littafi, da mawallafi, da magwafi, da shekara in an ambata, da yawan warƙoƙi, da harshen da aka yi shi. Dole a tabbatar da jerin warƙoƙin ta hanyar kalmar nan da magwafi ke sa wa a ƙasan shafi don ta nuna farkon na gaba. Dole a haska takardar ta baya a ɗauki tambarin da ke cikinta, kamar jinjirin wata uku na takardun da ake kawowa daga Italiya, domin da shi ake kintatar shekarun littafi. Kwamfuta ba ta iya wannan ita kaɗai. Yawancin manhajojin karanta Larabci da bugun Gabas aka horar da su, mu kuwa a rubutunmu fa'un ɗigonta a ƙasa yake, ƙafun kuma ɗigo ɗaya gare ta a sama, sai na'ura ta karanta ƙafun a matsayin fa'un. Balle ajamin Fulatanci. Masu iya karanta wannan rubutu ba tare da tuntuɓe ba tsofaffi ne, kullum kuma raguwa suke yi. Saboda haka a ɗauke su aiki da albashi da daraja, a zaunar da ɗalibin Larabci da na kimiyyar kwamfuta a gefensu. Kada a mai da su 'yan rakiya waɗanda za a sallama da goro.

Kada kuma mu ɗauka abin da ya shiga intanet ya shiga Lauhul Mahfuzu. A Oktoban 2023 ɓarayin intanet suka kutsa cikin na'urorin babban laburaren Ingila, aka yi watanni masu bincike ba su iya kaiwa ga abubuwa da yawa da aka ɗora ba. In haka ta sami Landan, ina ga mu da wutar lantarkinmu? Takardar da aka rubuta zamanin Sarki Halilu tana nan ana karantawa, faifan kwamfuta kuwa in ya shekara goma lafiya an gode Allah. Don haka kwafe uku a wuri uku: ɗaya a Kalgo, ɗaya a Sakkwato ko Kaduna, ɗaya a wani wuri mai nisa, a riƙa duba su ana sabuntawa. Asalin kuma a sama masa akwati mai kyau, a ɗaga shi daga ƙasa, a nisanta shi da bango.

Yanzu sai ku, 'yan'uwanmu da kuka fara aikin gwamnati. Mun san yadda irin wannan shawara takan mutu a ofis. Sai ta zama kwangila, a sayo kwamfutoci 50, a yanka kyalle, a ɗauki hoto da manya, a kulle ɗakin, ƙura ta gaje shi. Aikin da muke magana ba ya bukatar gini. Kyamara biyu, da faifan hasken rana, da mota mai zuwa ƙauye, da albashin mutum biyar na shekara uku sun fi bene mai hawa biyu amfani. Wahalar ita ce albashi da man mota ba su da allon da za a rubuta sunan wani a kai, shi ya sa ba su da mai tsaya musu ranar kasafin kuɗi. Ku ne ke rubuta takardun da manya ke sa wa hannu. In fayil ɗin ya biyo ta teburinku, ku sa kuɗin a kan mutane da kulawa ta shekara-shekara, ku kuma nemi a rubuta ƙarara wa zai riƙe hotunan bayan mai ba da tallafi ya naɗe tabarmarsa.

Mu ɗalibai kuwa ba sai mun jira kowa ba. Da yawanmu jikokin gidajen nan ne, na Gwandu da Kalgo da Ambursa da Zauro. A hutun nan mai zuwa kowa ya durƙusa gaban kakansa ko baffansa ya nemi izinin buɗe akwatin. Kada a ɗauki kome, kada a jera warƙoƙi yadda aka ga dama, kada a manna musu salatif. A ƙirga gafakokin, a rubuta sunan abin da aka iya ganewa, a lura da inda gara ta fara ci da inda laima ta taɓa. Muna roƙon shugabannin ƙungiyarmu su buɗe rajista guda da za a zuba wannan lissafi in an komo, su miƙa shi ga laburaren jami'a da fadar Sarkin Gwandu kafin ruwan farko ya sauka.