Inci 16 Tsakanin Mutum da Gidan Yari

Sau da yawa idan hira ta biyo ta kan bindiga, sai ka ji wani ya ce ai a Amurka bindiga kamar goro take, kowa ya shiga kasuwa ya saya, ya yi yadda ya ga dama da abinsa. Maganar tana da ƙanshin gaskiya, amma fa ba duka ba. Yau ina so mu leƙa wani lungu na dokar bindigogi ta ƙasar can, inda abin awo irin na tela yake iya raba mutum da iyalinsa har shekara 10.

A ce ga wani Ba'amurke yana da ƙaramar bindiga, watau irin wadda ake harbawa da hannu ɗaya, ya kuwa saye ta bisa ƙa'ida. Ran nan sai ya ga ba ya samun saiti sosai, don hannu yana rawa. Sai ya nemi gindi irin na doguwar bindiga, wanda ake tokarewa a kafaɗa, ya ɗaura mata. Bai canza harsashi ba, bai taɓa kunama ba, bai ƙara mata ƙarfi ko kaɗan ba. Amma a wurin dokar Tarayya, daga wannan lokaci bindigar ta tashi daga ƙarama, ta zama bindigar kafaɗa mai gajeren bututu, tun da bututunta bai kai inci 16 ba. Idan ya yi haka ba da izini ba, ya aikata babban laifi wanda ɗaurinsa kan kai shekara 10, ban da tara mai nauyi. Da bututun ya cika inci 16, tsawon bindigar duka kuma ya kai inci 26, da Gwamnatin Tarayya ba ta ce masa uffan ba.

Mai karatu zai ce, to, ina hikimar wannan? Bindigar da ke shiga aljihu an yarda da ita, doguwa ma an yarda da ita, sai ta tsakiya ce abin tsoro? Amsar tana cikin tarihi.

Daga 1920 zuwa 1933 an hana sayar da giya a Amurka, sai 'yan fasa-ƙwauri suka yi ƙarfi, suka shiga kashe juna a tituna. A watan Fabrairu na 1929 aka jera mutum bakwai a jikin bango a birnin Shikago aka harbe su, kisan da ake dangantawa da mutanen Al Capone. A 1933 kuma wani ya harbi Franklin Roosevelt da ƙaramar bindiga a Miyami kafin a rantsar da shi, ya kuskure shi, ya sami magajin garin Shikago, Anton Cermak, wanda ya mutu daga baya. Saboda haka Babban Lauyan Gwamnati, Homer Cummings, ya kai wa Majalisa shirin doka a 1934. Da yake ana shakkar ko Tarayya tana da ikon hana bindiga kai tsaye, sai aka biyo ta hanyar haraji: dala 200 a kan kowace bindigar da dokar ta lissafa, tare da rajista. A zamanin nan dala 200 kusan kuɗin bindiga mai ruwa ce sukutum, a kuɗin yau kuwa ta haura dala 4,000.

Shirin na farko ya haɗa har da ƙananan bindigogi, don su ne aka fi yin ta'adi da su. Masu bin tarihin dokar sun ce dalilin sa iyakar tsawo shi ne kada mutum ya ga an tsananta a kan ƙarama, ya je ya sayi doguwa ya datse ta da zarto ta shiga cikin riga. To, amma da ƙungiyoyin masu bindiga suka tayar da jijiyar wuya, sai Majalisa ta cire ƙananan bindigogi daga cikin dokar, ta bar iyakar tsawo a inda take. Watau an toshe kafar ɓera an bar ƙofar zaure a buɗe. Da fari iyakar inci 18 ce, a 1960 aka rage ta bindigar kafaɗa zuwa inci 16, haka kuma take har yau.

Duk da haka doka doka ce, kuma akwai hanyar da mutum zai bi ya yi wannan canji lafiya lau. Sai ya rubuta takardar neman izini zuwa hukumar Tarayya mai kula da sha'anin giya da taba da bindigogi, wadda ake kira ATF. Ya haɗa da hotonsa da dangwalen yatsunsa, ya aika wa shugaban 'yan sanda na yankinsa kwafe, a bincika ko yana da tabon laifi. Doka ta ɗauke shi a matsayin maƙerin sabuwar bindiga, don haka akan bukaci a zana sunansa da garinsu a jikin ƙarfen. Muhimmin abu shi ne jeri: izini tukuna, sa'an nan ɗaura gindi. Wanda ya ɗaura yau izini ya iso gobe, ya riga ya karya doka. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fita ba.

Nan ne kuma maganar jihohi ta shigo, gama Amurka tana da jiha 50, kowace da tata dokar bindiga. Izinin Tarayya ba ya goge hanin jiha, hasali ma dokar ta ce a ƙi amincewa da takardar duk wanda yin bindigar zai sa ya saɓa wa doka. A Niyok da Hawai, talaka ba ya mallakar irin wannan bindiga. A Kalifoniya ƙofar a ƙuntace take ƙwarai. Jihar Mishigan sai a 2014 ta halatta ta ga wanda ya cika sharuɗɗan Tarayya. A Teksas da jihohi masu yawa kuwa, muddin ka gama da Tarayya, to, shi ke nan. Daɗin daɗawa, wata doka ta 1968 ta ce kada a ƙetare iyakar jiha da irin wannan bindiga sai da yardar hukuma. Ashe ke nan mutum yana iya karya kumallo a gidansa yana mai bin doka, kafin azahar ya zama mai laifi, don kawai ya tuƙa motarsa ya haye wata gada.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2012 wani tsohon soja mai suna Alex Bosco ya ƙago wani maɗauri da ake sawa a bayan ƙaramar bindiga a ɗaure shi a damtse, domin abokinsa naƙasasshe ya iya harbi da hannu ɗaya. Hukumar ATF ta duba ta ce wannan ba gindi ba ne. Nan da nan kasuwa ta buɗe, aka sayar da miliyoyi, mutane da yawa kuwa suka riƙa tokare shi a kafaɗa, ba rajista ba haraji. Aka yi kisan mutum 9 a Dayton a 2019, da na mutum 10 a wani kanti a Boulder a 2021, duka da bindigogi masu irin wannan maɗauri. A watan Janairu na 2023 hukumar ta sake magana, ta ce yawancinsu bindigogin kafaɗa ne masu gajeren bututu, sai a yi rajista ko a cire maɗaurin. Mutanen da suka saya bisa maganar hukuma ta farko suka wayi gari a bakin laifi. Suka garzaya kotu, a watan Yuni na 2024 wani alƙalin Tarayya a Teksas ya soke wannan ƙa'ida ɗungum.

Ba a nan ta tsaya ba. Dala 200 ɗin nan ta shekara 91 ba a ƙara ko sisi ba, sai a watan Yuli na 2025 Majalisa ta mayar da harajin irin wannan bindiga sifiri, daga ranar 1 ga Janairu, 2026, amma ta bar rajista. Masu bindiga suka koma kotu suna cewa, tun da Kotun Ƙoli a 1937 ta tabbatar da dokar ne a kan cewa haraji ce, to, yanzu da ba haraji, a kan me rajistar ta tsaya?

Ni dai a ganina, laifin ba na alƙali ba ne, ba kuma na ma'aikacin hukuma ba ne, na Majalisa ne. Ita ta yi rabin aiki a 1934, ta kashe maciji ba ta sare kansa ba, kuma har yau ba ta zauna ta faɗa a fili abin da take tsoro ba. In ɓoyuwar bindiga ce abin tsoro, to, ƙarama ta fi ɓoyuwa. In kuwa saiti ne, doguwa ta fi saiti. Dokar da aka yar da dalilinta aka riƙe awonta, mai son bin ta shi ke kwana da fargaba, mai niyyar kisa kuwa ba ya neman abin awo. Iyalan waɗanda aka kashe a Boulder da mutumin da ya sayi maɗauri da zuciya ɗaya, dukansu suna da haƙƙin a yi musu doka mai ma'ana ɗaya.

Mu ma nan gida akwai abin lura, tun da daga Amurka muka aro tsarin shugaban ƙasa a 1979, ga shi kuma ana yawan kira a bar kowa ya riƙe bindiga, kamar yadda gwamnatin Zamfara ta yi a 2022. A tsarin mulkinmu sha'anin makamai na Gwamnatin Tarayya ne ita kaɗai. Duk mai kafa hujja da Amurka, ya kamata ya san cewa can ma mai bindiga yakan tsaya a ƙofa biyu yana neman izini, kuma shekara 90 da ɗoriya ba su ishe su daidaita inci 16 ba.