Gubar kashe saiwa a bututun ƙazanta: a yi hattara da matatar Wupa

Abuja na cikin ƙalilan ɗin biranen ƙasar nan da ke da bututun ƙarƙashin ƙasa masu kwashe ƙazanta. Abin da ya fito daga Garki da Wuse da Maitama yana gangarawa zuwa matatar Wupa, wadda Hukumar Kare Muhalli ta Abuja ke kula da ita, kafin a saki ruwan cikin Kogin Wupa. Birnin kuma cike yake da itatuwa, saiwoyinsu na bin danshi, su kutsa ta tsaga ko mahaɗar bututu, su tare maiƙo da tarkace har hanya ta toshe.

Idan haka ta faru, hanya mafi sauƙi ga mai gida ita ce zuba guba a masai. Amma gubar ba ta tsayawa a kan saiwa, bin ruwa take yi har matata.

Aikin tace ƙazanta ya dogara ne kan ƙwayoyin bakteriya da ke cinye dattin. Masu sarrafa sinadarin amoniya daga cikinsu ba su jure guba, kuma a hankali suke hayayyafa. Sinadarin metam sodiyam, da ake fesawa cikin bututu a matsayin kumfa, yana iya durƙusar da su. Kafin su farfaɗo, ruwa mai amoniya ne zai kwarara kogi, ya kashe kifi, ya isa ga masu noman rani. Shi ya sa Amurka ta taƙaita amfani da shi ga masu lasisi.

Shi kuwa kofa salfet, jan ƙarfen da ke cikinsa ba ya ruɓewa. Yana taruwa a laƙar matata, sauran ya bi ruwa. A 1995 jihar Kalifoniya ta haramta shi a ƙananan hukumomi tara da ke kewaye da mashigin San Faransisko.

Ya kamata hukumomin Babban Birnin Tarayya su ɗauki darasi tun wuri. Duk ɗan kwangilar da zai sa guba a bututu ya sami izini, ya sanar da matata rana da adadi. A fifita yanke saiwa da inji, da gyara tsagar da ta shigo da ita, a kuma hana shuka manyan itatuwa a kan layin bututu. Jami'in da fayil ɗin irin wannan kwangila ya zo teburinsa, kada ya sa hannu sai ya ga amincewar masu kula da Wupa a rubuce.