Waiwaye: Daga Bakin Allura Sauti Ke Farawa

Mu da muka tashi a zamanin garmaho mun san ba kowa ake bari ya taɓa shi ba. Gida ɗaya ko biyu ne ke da shi a unguwa, kuma mai shi ne kaɗai ke buɗe akwatin, ya murɗa hannun har ya yi tauri, ya zaro faifai daga rigarsa ta takarda yana riƙe da gefensa. Daga nan sai ya buɗe ɗan gwangwanin allurai, ya cire wadda aka yi amfani da ita ya sa sabuwa, domin allurar ƙarfe ta lokacin ba ta wuce fuska ɗaya ko biyu ta dushe. Mu yara muna tsugune muna kallon hoton karen nan na His Master's Voice da ya kasa kunne a bakin ƙaho. Waɗannan faya-fayai masu juyi 78 a minti ɗaya suna da nauyi, ga saurin fashewa, kuma minti uku ko huɗu waƙa ta ƙare.

Sai zamani ya juya. A 1948 kamfanin Columbia na Amurka ya fito da babban faifan roba mai juyi 33 da sulusi, wanda ke cin wajen minti ashirin a kowace fuska. Shekara ɗaya bayan haka RCA Victor ya kawo ƙaramin mai juyi 45. Kafin a jima rediyogaram ya shiga falon ma'aikata da 'yan kasuwa, an shimfiɗa masa kyalle mai ado, an ɗora hoton maigida a kai. A irin waɗannan faya-fayai na kamfanin EMI da yawanmu muka ji muryar Mamman Shata da kuntigin Ɗan Maraya Jos a cikin ɗakunanmu. Kaset ɗin da Philips ya ƙirƙiro a 1963 shi ya ture faifai daga kasuwanninmu, saboda araha da sauƙin kwafa, CD kuma ya biyo baya daga 1982. Faya-fayanmu suka koma ƙarƙashin gado, wasu rana ta lanƙwasa, wasu yara suka yi wasa da su.

Yau ga shi abin ya dawo. A 2022 an sayar da faifan roba fiye da CD a Amurka, karon farko tun 1987, kuma 'ya'yanmu da jikokinmu sun fara tambaya: Baba, wane garmaho zan saya, wace amfilifaya zan haɗa masa? Tambaya ce mai daɗin ji. Sai dai mafi yawansu daga ƙarshe suke fara lissafi, idonsu na kan girman lasifika da fitilu masu walƙiya. Abin da iyayenmu suka sani, mu kuma muka bari ya shige, shi ne sauti daga bakin allura yake farawa. Abin da allura ta kasa ɗaukowa daga cikin zanen faifai, babu amfilifayar da za ta dawo da shi.

Saboda haka mai sayen garmahon farko ya fara duba hannun da ke ɗauke da allurar. Na kirki yana da ƙarfen awo a bayansa, wanda ake murɗawa a daidaita nauyin da allura ke sauke wa faifai. Allurar zamani mai kan lu'ulu'u nauyin giram 2 ko kusa da haka take so. Waɗannan 'yan garmaho masu kama da jakar hannu, da lasifika a jikinsu, sukan danna faifai da ninkin wannan nauyi ko fiye, su riƙa cin zanensa a hankali. Araha ba ta ado, balle ga wanda ya gaji faifan da ba za a sake buga irinsa ba. Ya kuma tabbata ana samun allurar canji, domin ko ta lu'ulu'u tana da wa'adi, bayan 'yan ɗaruruwan awoyi na aiki sai an sauya ta. Wanda ke da tsofaffin faya-fayai masu juyi 78 ya sani suna bukatar injin da ke da wannan gudu da allura mai kauri ta daban.

Injin da ke juya faifan iri biyu ne. Akwai mai bel na roba, irin su Rega Planar 1 da Pro-Ject Debut Carbon, wanda bel ɗin ke tare girgizar inji kada ta kai ga allura, amma zafi na sa shi ya saki, sai an canza. Akwai kuma wanda injin ke juya faifan kai tsaye, irin Technics SL-1200 da ya fito tun 1972, wanda masu kiɗan biki da gidajen rediyo suka yarda da ƙarkonsa. Ga mai ƙaramin ƙarfi da ba ya son wahalar saiti, Audio-Technica AT-LP60X ya isa a fara da shi, duk da ba a iya daidaita nauyin hannunsa.

A da, duk amfilifayar da ka ɗauko, Sansui ce ko Pioneer ko Kenwood, za ka tarar da rami biyu a bayanta an rubuta PHONO, da ɗan kusa na ɗaura wayar at. Ba mu damu da sanin dalili ba, tunda kowace tana da shi. Dalilin kuwa shi ne wutar da allura ke haifarwa 'yar mitsitsiya ce, ba ta wuce kashi biyar cikin dubu na bolt ɗaya ba. Ƙari a kan haka, wajen yanka faifai ana rage amon ganga a ƙara na siraran sautuka bisa ƙa'idar RIAA ta 1954, don waƙa mai tsawo ta samu wuri. Sashen PHONO shi ke ƙara wa wutar ƙarfi ya mayar da sautin yadda yake. Yawancin kayan sautin yau ba su da shi, shi ya sa yaro zai jona garmaho a ramin AUX ya ji murya can ƙasa-ƙasa, babu armashi, ya ce an cuce shi. Mafita uku ce: amfilifaya mai PHONO, ko garmaho mai wannan sashe a cikinsa, ko ƙaramin akwatinsa na daban da ake sa wa a tsakani. Wayar at kuwa in ba a ɗaura ta ba, gurnani zai cika ɗakin.

Batun wat ma sai an yi hattara. Kwali zai zo da rubutun wat 3000 PMPO da manyan haruffa, amma ba girin-girin ba, ta yi mai. Lambar da ake dogara da ita ita ce ta RMS, kuma wat 30 zuwa 50 a kowane ɓangare ya wadatar da falon gida, muddin lasifikokin sun dace da abin da aka rubuta a bayan amfilifayar, galibi om 4 zuwa 8. Da tsohuwar zuma ake magani, don haka amfilifayar shekarun 1970 da aka tsinta a kasuwar Sabon Gari ko Alaba tana iya fin sabuwa mai kyalli, in an kai wa mai gyara ya duba ta. Sai dai a karanta bayanta kafin a jona. Wutarmu bolt 230 ce mai bugu 50 a daƙiƙa, ta Amurka kuwa 120 ce mai bugu 60. Taransifoma zai gyara ƙarfin wutar, amma garmahon da aka yi don wutar Amurka, wanda injinsa ke bin bugun lantarki, zai riƙa jan waƙa a hankali, har muryar mawaƙi ta yi nauyi. Sitabilaiza kuma dole ce a ƙasar da wuta ke zuwa yadda ta ga dama.

Saura kulawa, wadda ba a sayarwa a shago. A ajiye garmaho a kan teburi mai ƙarfi da bai karkace ba, kada a haɗa shi da lasifika a katako ɗaya. A jera faya-fayai a tsaye, nesa da taga da zafin kwano, a share ƙurar hunturu da buroshi mai laushi kafin allura ta sauka. Iyayenmu ba su san sunan RIAA ba, amma sun san wannan duka, shi ya sa faifan da suka saya shekara hamsin da suka wuce yake magana har yau a gidajen da aka riƙe amanarsa. In yaro ya zo da kuɗinsa yana neman shawara, mu ce masa ya ba garmaho da allurarsa kaso mai tsoka, ya nemi amfilifaya daidai ɗakinsa, ya rage canjin sayen faifai. Sa'annan mu zaunar da shi mu koya masa yadda ake riƙe faifai ta gefe.