WAIFAI DABAM, INTANET DABAM

Ina so in yi magana a kan ɗan akwatin nan da ya shiga gidaje da yawa, wanda akan ajiye kusa da talabijin yana ƙyafta fitilu dare da rana. Kowane wata ana zuba masa kuɗi, amma da wuya ka sami mutum ɗaya a gidan da zai gaya maka ainihin abin da ake biya. Ni a ganina wannan kasawa ce, kuma mu ɗalibai ya kamata mu kawar da ita, tun da mu ake biya wa kuɗin makaranta.

Mutane da yawa sun ɗauka waifai shi ne intanet. Ba haka ba ne. Waifai hanya ce ta rediyo wadda ke haɗa wayarka da akwatin, kuma iyakarsa 'yan ɗakuna. Ita intanet daga waje take zuwa. An ga shaidar haka ran 14 ga Maris, 2024, sa'ad da manyan wayoyi huɗu da ke shimfiɗe a ƙarƙashin teku, watau WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. Harkoki suka tsaya cik a wurare da dama a Nijeriya da Gana, har da wasu bankuna, alhali kuwa alamar waifai tana nan cike a fuskar wayoyin mutane. Famfon gida lafiyarsa lau, ruwa ne bai zo ba.

Aiki biyu ake yi a cikin akwatin. Modem shi ne tafinta, shi ke karɓar saƙon da ya zo daga kamfani ya juya shi zuwa abin da kwamfuta ke ganewa. Rauta kuwa kamar ma'aikacin gidan waya yake, yana ba kowace na'ura lambar adireshinta, irin 192.168.1.5, don kada saƙon Baba ya faɗa wayar ƙanena. A Amurka, gidaje masu ɗimbin yawa ta kebul ɗin talabijin intanet ke shigo musu, bisa wani tsari mai suna DOCSIS da aka fitar a 1997, kuma maƙwabta ke raba layi guda, shi ya sa yakan yi nauyi da maraice. Mu nan galibi layin MTN ko Airtel ko Glo ake sa wa akwatin, wasu a manyan birane suna da faiba, watau zaren gilashi, ga kuma Starlink da ya iso Nijeriya a 2023.

To, ga inda kuɗi ke zurarewa. Akwai bit, akwai bait, kuma bit 8 ke yin bait 1. Kamfanoni da megabit suke tallar saurin layinsu, su rubuta Mbps da ƙaramin b, amma nauyin littafi ko bidiyo da megabait ake auna shi, MB da babban B. Alal misali, mai gida ya sayi layi mai megabit 20, yana tsammanin zai sauke darasi mai megabait 1,000 cikin daƙiƙa 50. Ina! Raba 20 gida 8, ka sami 2.5 ke nan a kowace daƙiƙa, saboda haka sai ya jira kusan minti 7, shi ma in layin ya cika alkawari. Ba a yi masa ƙarya ba, amma fa ba a yi masa bayani ba. Har ila yau, sauri dabam, yawan data dabam. Ɗaya faɗin bututu ne, ɗayan girman tanki, kuma bututu mai faɗi ya fi saurin ƙarar da tanki in ba a kula ba.

Wani zai ce ai wannan aikin mai gyara ne, don me za mu wahalar da kanmu? Na yarda akwai abin da sai shi. Amma wanda ya san cewa zangon 2.4 ya fi ratsa bango, na 5 kuma ya fi sauri in kana kusa, ba zai kira kowa ba don ɗakin ƙurya ba ya kamawa. Zai canja zango, ko ya fid da akwatin daga bayan kabad, ko ya ja wayar Etanet, wadda ke kai wa mita 100 ba tare da gajiya ba. Wanda kuma ya san kalmar sirri zai sauya wadda akwatin ya zo da ita, kafin rabin unguwa su taru a gindin katangarsa suna kallon ƙwallo da datarsa.

Saboda haka ina roƙon malamanmu na kwamfuta su keɓe ko da darasi biyu su koya mana waɗannan kalmomi, da Hausa, yadda za mu iya maimaita wa iyayenmu. Ku kuma iyaye, ran da za ku je sabunta layi, ku tafi da ɗayanmu, ku bar shi ya tambayi mai kanti: wannan 20 ɗin da kuka rubuta, bit ne ko bait?