Zaure: Fuskar Gida, Masaukin Baƙo

Yau za mu fito daga ɗaka mu tsaya a zaure.

Da yawanmu muna kashe kuɗi a kan gado, labule da jeren kwanuka, amma zaure sai a bar shi da tsohuwar taya da buhun gawayi, wai ai wurin maza ne. Alhali shi baƙo yake fara gani, daga shi kuma yake auna matar gidan tun bai ji muryarta ba.

A Sabon Birni da Isa maganar ta wuce ta ado. Tun wajen 2019 rashin tsaro ke korar mutanen ƙauyuka, wasu su tsallaka jihar Maraɗi, wasu su shigo gari wurin dangi. Mata da ƙananan yara sukan shige cikin gida, maza da samari kuwa zaure ne makwancinsu. Saboda haka duk gyaran da za ki yi, ki fara da tambayar kanki: idan mutum uku suka yi sallama da magariba, za su iya kwana a nan cikin mutunci?

Da farko a kwashe tarkace. Abin da aka shekara ba a taɓa ba, a sayar ko a bayar. Tarin kaya a kusurwa maɓoyar kunama da ɓera ce. Ki shawarci maigida cikin lalama kafin ki taɓa komai, domin zaure fadarsa ce.

Sai sutura. Magina na dā ba sa saita ƙofar waje da ta ciki, don kada mai wucewa ya hango tsakar gida. Idan naki ginin siminti ne aka yi ƙofofin a jere, ki rataya asabari ko labule mai kauri a ƙofar ciki. Ki zaɓi launi mai duhu, saboda ƙurar hunturu ba ta barin fari.

Ƙasa da bango. Idan daɓe ne, a cike ramukansa a sake daɓe shi kafin damina. Bangon ƙasa kuwa ruwan makuba, wanda ake samu daga ɓawon ɗorawa, yana ƙara masa ƙarfi da sheƙi. A shafa farar ƙasa daga ciki don wurin ya yi haske, a ja layin jar ƙasa daga gindi inda ake jingina. A duba azara ko gara ta shiga, a kuma gyara indararo kada ruwa ya riƙa zuba a bakin ƙofa.

Shimfiɗa. Tabarmar kaba biyu ko uku sun isa. Da safe a naɗe su a ɗora bisa maratayi, kar a jingine su a ƙasa. A kafa ƙusoshi huɗu a bango tun yanzu, domin ranar da baƙo ya zo ɗaura gidan sauro ba zai ɗauki lokaci ba.

Ruwa. Ƙaramar randa a kusurwa, a ɗora ta kan bulo, a rufe da faifai. Moɗar ɗiba daban, kofin sha daban; wannan kaɗai yana rage yaɗuwar ciwon ciki idan mutane suka yi yawa. Buta biyu a cike, da sabulu a gefe.

Haske. Fitilar sola mai wurin cajin waya ta fi kowane ado amfani, domin wanda ya baro garinsu babu abin da yake buƙata kamar jin labarin waɗanda ya bari. A kuma tabbatar sakatar ƙofa tana da ƙarfi.

Hattara da abu biyu. Kada a kwana da kaskon gawayi a rufaffen zaure lokacin sanyi. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci. Sannan idan a nan ake ajiye babur ko jarkar fetur, kada wuta ta kusanci wurin.

Ado kuwa kaɗan ya wadatar. Faifai uku masu launi a jere a bango, ko zanen dagi a saman ƙofa, sai ɗan turaren wuta bayan shara. Ki ba yara aikin: ɗaya shara, ɗaya cika randa, ɗaya jera takalma. A nan suke koyon sallama da gaishe da manya.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Gaskiya ne, amma wanda ya kwana biyu a hanya yana buƙatar duka biyun.

Allah ya zaunar da ƙasar Gobir lafiya, ya mayar da kowa gidansa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.